Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida: Darasi Daga Horon Kare

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin masu karatu za su yi tsaki in sun ga an ba kare fili a cikin wannan mujalla tamu, domin kuwa kare ba shi da wata daraja a bakin Bahaushe. In an so a ci mutuncin mutum sai a kira shi kare, in kuma zagi ya kai matuƙa sai a ce an yi wa wane zagin da ko kare ba zai ci ba. Amma abin mamaki, wannan Bahaushen dai shi ne yake damƙa wa kare tsaron garkensa da gonarsa, ya kuma aike shi daji ya kamo masa abin miya. Ashe ke nan wanda muka fi rainawa a baki, mun amince masa a aikace.

Tambayar da nake so mu tattauna a kanta ita ce wannan. Ga kare da yunwa a cikinsa, ya bi zomo har ya ɓace wa ubangidansa, ya kama shi, jini yana zuba a bakinsa, babu mai ganinsa, amma ya riƙe bai ci ba har maigidan ya iso. To, me ya hana shi ci? Tsoron sanda ne, ko kwaɗayin lada, ko kuwa wani abu dabam? Amsar da muka bayar ba za ta tsaya ga kare ba, za ta shafi yadda muke renon yara a gida da makaranta, har ma da irin mutanen da muke son ƙasarmu ta samu.

Kare A Ƙasar Karaye Da Rogo

Ni mutumin yammacin Jihar Kano ne, watau ƙasar Karaye da Rogo. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye mai daraja ta biyu a shekarar 2024. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Karaye ita ke da madatsar ruwan Challawa wadda aka kammala a 1992, Rogo kuwa tana bakin iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. A ƙauyukanmu karnuka iri uku ake gani: na mafarauta, da na Fulani masu bin shanu, da na gadin gida ko gona. Ajiye kare don sha'awa kawai, ana yi masa wanka ana kwana ɗaki ɗaya da shi kamar yadda Turawa suke yi, ba al'adarmu ba ce, sai dai a ga irinta jefi-jefi a gidajen masu hali a birni.

Wannan rabe-rabe ya dace da abin da muka karanta a gaban malamai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda kusan kowane ɗalibin zaure ya sani, ya taƙaita ajiye kare ga tsaron shuka, da rakiyar dabbobi, da farautar neman abinci. Har wa yau a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa an ɗauke shi a matsayin bin umarni. Na kawo wannan ne domin a san ƙyamar da muke nuna wa kare ta zarce abin da littattafanmu suka ce.

Da an gama kaka, an kai amfani gida, sai a fara jin gangar farauta. Samari da magidanta su fito da gora da barandami da adda, kowa da karensa a igiya. Abin da ake samu yanzu bai wuce zomo da gafiya da kurege da damo ba, saboda gonaki sun cinye dajin, shi ya sa ma ake hawa mota a tafi nesa. Amma duk wanda ya taɓa bin gayyar farauta ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da ya yi abin kirki a ranar, an yi watanni ana aiki a kansa.

Ga yadda na ga gwanayen suna yi. Mutum yakan karɓo ɗan kwikwiyo da zarar an yaye shi, ya sa masa suna, ya riƙa ba shi ƙanzo da hannunsa, ba ya barin kowa ya ciyar da shi. Kullum zai ba shi abinci sai ya kira sunan ko ya yi fito iri ɗaya, har ɗan kwikwiyon ya haɗa kiran da alheri. In ya tasa sai a riƙa fita da shi bayan gari tare da manyan karnuka, yana gani yana kwaikwayo. Ranar da ya fara kamu, maigidan yakan karɓe naman, ya yanka, sa'an nan ya jefa masa kayan ciki nan take. In aka maimaita haka sau da yawa, karen ya gane cewa sakin nama ba asara ba ne, rabonsa yana nan tafe.

Akwai kuma masu wata hanyar. Na san wani maƙwabcinmu da yake ɗaure karensa a rana, ya hana shi abinci, ya riƙa zabga masa tsumagiya wai don ya yi zafin zuciya. Zafin kuwa ya yi shi. In maigidan yana tsaye, karen yakan kwanta ya sa wutsiya a tsakanin ƙafafu. In ya ba da baya, kajin unguwa sun shiga uku, yara kuma ba sa bin ƙofar gidan. A daji in ya yi kamu sai ya shige ƙaya da naman, ba ya fitowa sai ya cinye, domin ya san in ya fito duka ne, ko ya ci ko bai ci ba.

Shin Hali Yana Sakewa?

Kafin mu yanke hukunci tsakanin hanyoyin nan biyu, sai mun saurari masu cewa duk wahalar banza ce. Hujjarsu tana cikin karin maganarmu: hali zanen dutse, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mai hali ba ya fasa halinsa. A ganinsu karen kirki haihuwarsa ake yi, mutumin kirki ma haka.

Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Su kansu mafarauta ba sa karɓar ɗan kwikwiyo sai sun tambayi wace karya ce ta haife shi. Ilmin zamani ma ya goyi bayansu ta wani fanni. A shekarar 1959 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Dmitri Belyaev, ya fara kiwon wata irin yanyawa a garin Nobosibis, yana zaɓen waɗanda ba su cika tsoron mutum ba yana haɗa su barbara. Bayan 'yan haihuwa kaɗan sai aka fara samun 'ya'yan da suke kaɗa wa mutum wutsiya kamar kare. Wannan ya nuna lalle akwai rabon gado a cikin hali.

Amma Bahaushen da ya ce hali zanen dutse, shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu cewa hali ba ya sakewa raddi a cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma da dabbobi ya kafa hujja. Ya nuna cewa ana mayar da shaho mai gudun mutane ya zama na hannu, a mayar da doki mai tutsu ya zama mai bin linzami, a fitar da kare daga haɗama zuwa kamewa. In haka ta yiwu ga dabba, ina ga mai hankali? Ya kuma yi bayanin cewa manufar horo ita ce a daidaita sha'awa da fushi, domin tumɓuke su gaba ɗaya ba ya yiwuwa, ba a ma bukatarsa. Mafarauci ya san wannan ko bai karanta ba. Karen da aka kashe wa sha'awar nama ba zai bi zomo ba. Abin da ake nema shi ne sha'awar ta kai shi ga kamu, kamewa kuma ta hana shi ci.

Saboda haka ni a ganina karin maganar biyu ba su saɓa wa juna ba. Gado shi ke ba da iccen, ko na giginya ko na geza, reno kuma shi ke tanƙwara shi. Ba za a yi azara da geza ba, amma giginyar ma in ba a sassaƙe ta ba, ba ta rufa ɗaki.

Bulala Ko Lada?

In mun yarda hali yana karɓar gyara, saura mu san da me ake gyaran. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, malamai kuma suka tsaya a kan ma'anar horon. A wurin Malikiyya, horarren kare shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'iyya da Hanafiyya sun ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, suna dogara da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda ya nuna cewa karen da ya ci, kansa ya yi wa farautar. Ku duba da kyau, jama'a. Duk sharuɗɗan nan ana gwada su ne a lokacin da kare ya yi nisa da hannun maigidansa. Ba a auna horo a gindin turke.

To, a nan ne bulala take kasawa, domin ba ta da tsawon da za ta bi kare cikin daji. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da lura da haka. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya sami lambar Nobel a 1904, ya nuna cewa kare yana haɗa abubuwan da suke zuwa tare, har yawunsa ya riƙa zuba da jin ƙarar da aka saba yi kafin abinci. In haka ne, karen da yake shan duka daga hannun da ya kira shi, zai haɗa kiran da azaba. B. F. Skinner na Amurka, wanda ya yi gwaje-gwajensa da ɓeraye da tantabaru, ya tafi a kan cewa hukunci yakan danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koya wa dabba abin da ya kamata ta yi a madadinsa, lada kuwa in ya zo nan da nan yana kafa hali. A 1967 kuma Martin Seligman da abokin aikinsa suka gano wani abin tausayi. Karnukan da aka riƙa jona wa lantarki ba tare da hanyar tsira ba, daga baya ko da aka buɗe musu hanya, yawancinsu kwanciya suka yi suna kuka, ba su ko gwada tsallakewa ba. Azabar da ba ta da ƙa'ida ta koya musu cewa ƙoƙari ba shi da amfani.

Tun kafin waɗannan Turawa da ƙarnuka, Ibn Haldun ya faɗi makamancin haka game da 'yan Adam a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377. Ya keɓe fasali guda a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, tana jawo musu kasala, tana koya musu ƙarya da yaudara, saboda tsoron hannun da zai sauka a kansu yana sa su bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsu ba. Wanda ya zauna a aji ya san wannan. Ajin da malaminsa ya fi kowa dorina shi ya fi kowane aji shiru in yana nan, shi ya fi kowane hayaniya in ya fita. Yaron da ake duka in ya faɗi gaskiya, a kuma doke shi in ya yi ƙarya, ya zama karen maƙwabcinmu ke nan, zai shige ƙaya da namansa.

Kada a fahimce ni da cewa tsawatarwa ba ta da gurbi. Gwanin mafarauci ma yana daka wa karensa tsawa, yana jan igiya, yana hana shi abin da yake so. Bambancin shi ne tsawarsa tana zuwa a kan laifin, a lokacin laifin, daidai girman laifin, kuma karen ya san hanyar da zai bi ya kauce mata. Wancan kuwa yana duka ne don ya huce haushin da ya kwaso a kasuwa.

Sai dai lada ma shi kaɗai bai isa ya amsa tambayarmu ba. Da kwaɗayi ne kawai, ai zomon da ke bakin kare ya fi kayan cikin da za a jefa masa yawa. Abin da ya sa ya haƙura shi ne maigidan bai taɓa saɓa masa ba, tun yana ɗan kwikwiyo. Kira ɗaya ne, ƙa'ida ɗaya ce, rabo kuma ba ya fashi. Watau kamewar kare ta tsiro ne daga cika alkawarin mai shi. In muna son mu ba abin suna, amana ce, kuma daga sama ta fara gangarowa. Uban da yake son ɗa mai gaskiya alhali yana aiken yaron ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, ya nemi girbin abin da bai shuka ba.

Inda Misalin Ya Tsaya

Wani zai ce, to, in haka ne sai mu reni 'ya'yanmu kamar yadda gwanin mafarauci yake renon karensa, magana ta ƙare. A nan kam sai mu yi hattara, domin akwai wurin da kare da mutum suka rabu.

Horarren kare yana bin umarni, amma ba ya tambayar ko umarnin daidai ne. In an nuna masa zomo ya bi, in an nuna masa akuyar marayu ma ya bi, da zuciya ɗaya. Kirkinsa aro ne daga ubangidansa. In ya faɗa hannun mutumin kirki ya zama mai amfani, in ya faɗa hannun ɓarawo ya zama abokin sata, horon kuwa iri ɗaya ne. Don haka biyayya ita kaɗai ba za a kira ta halin kirki ba, sai an duba wa ake bi, kuma zuwa ina.

Ba banza ba Hausawa suke kiran wasu samari karnukan farautar 'yan siyasa. Tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 aka san 'yan banga a ƙasar Kano, daga baya kuma harkar daba ta zama abin da kowa yake kuka da shi, musamman a lokacin zaɓe. In ka dubi yadda ake riƙe irin waɗannan samari, za ka ga hanyar mafarauci ce sak: hannu ɗaya ke ciyar da su, kira ɗaya suke amsawa, ladansu kuma nan take ake ba su. Ba za a ce ba su da biyayya ba, ba za a ce ba su da riƙon alkawari ga maigidansu ba. Abin da suka rasa shi ne ikon cewa a'a in an nuna musu wanda bai ci ba bai sha ba.

A nan ne horo da tarbiyya suka sha bamban. Horo yana ƙarewa ne da dabba ta iya bin mai ita har ta mutu. Tarbiyya kuwa ba ta cika ba sai yaro ya kai inda zai yi daidai ba don uba yana kallo ba, ba don ana biyansa ba, har ma ya iya ƙin bin na gaba da shi cikin ladabi in an umarce shi da zalunci. A cikin ɗan littafinsa Mutumin Kirkii na 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya tattara siffofin da Hausawa suke auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da hankali da adalci. Kare yana iya samun inuwar haƙuri da amana. Adalci da kunya kuwa sai mai hankali, domin su ne suke bukatar mutum ya auna aikinsa da kansa. Da magabata suka ce tsoro na daji, kunya na gida, ina jin abin da suke nufi ke nan: tsoro yana bukatar abin tsoro a kusa, kunya kuwa mutum yana tafe da abarsa duk inda ya shiga.

Alhakin Mai Kare

Tun da kare ba ya auna umarni, nauyin aikinsa yana wuyan mai shi. Wanda ya saki karensa ya cinye kajin mutane ko ya yagi ɗan maƙwabci, kada ya ce halin kare ne, sakacinsa ne. Abin ma ya wuce asarar kaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a cikinsu. Rigakafinsa kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada shi ga mutum a Faransa, a nan gida ma muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Bom a Jihar Filato tun 1924. Kai kare wurin malamin dabbobi a yi masa allura yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Shi kansa karen yana da haƙƙi a kan mai shi, na ci da sha da inuwa. Duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. In shayar da karen da ba naka ba yana da wannan matsayi, sai mu yi tunanin matsayin wanda ya ɗaure nasa a rana da gangan.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ya hana horarren kare cin zomo shi ne sabo da maigidan da ba ya saɓa ƙa'ida, sanda kuwa iyakarta inda hannu ya kai. Wannan darasi ya kamata iyaye da malamai su ɗauka, mu ma ɗalibai da yawancinmu aji za mu koma mu koyar in mun gama, ya zama muna tuna shi ranar da aka miƙa mana alli da bulala. Amma kada mu tsaya inda mafarauci ya tsaya. Shi bukatarsa dabbar da za ta bi shi, mu kuwa bukatarmu mutanen da za su bi gaskiya ko da mu ne muka kauce mata. Ina fata 'yan'uwa masu nazarin karin magana da na falsafa za su ɗora a kan wannan, ko su yi mini raddi a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.